Shagon kifinmu na kudancin Jidda da tambayar da na yi kan zaiba

Shekara uku ke nan gidanmu yana sayen kifi a wani shago da ke kudancin Jidda, wanda wani dattijo Bahaushe haifaffen nan yake riƙe da shi tare da 'ya'yansa biyu. Ban taɓa tunanin rubuta komai a kansa ba sai da uwargidana ta samu juna biyu, likita ta ce mata ta ci gaba da cin kifi amma ta kiyayi manyan kifaye saboda zaiba, ƙarfen nan mai guba da yake zama ruwa-ruwa. Wannan jan kunne ya sa na koma shagon da tambayar da ban saba yi ba.

Batun tsafta da sabuntar kaya ba ya buƙatar dogon bayani. Dattijon yana sammakon zuwa Bangala, babbar kasuwar kifi ta bakin teku, kuma kafin hantsi najil da hamur da sha'ur da darak da sijan da arabi sun hau ƙanƙara, idonsu garau, namansu da tauri. Yaran suna kankarewa, su feɗe, su yanka yadda mutum ya ce, kuma ana soya wa mai so a haɗa masa da shinkafar sayadiyya da romon tsamiya. Farashinsu ya ɗan ɗara na Bangala, amma ban taɓa kama sikelinsu da ha'inci ba.

Da na ce, "Baba, wanne ne a cikinsu ba ya tara zaiba?" sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, zaiba ai ta masu haƙar zinariya ce, me ya haɗa ta da kifina? Dubi idonsa mana." Rabin maganarsa gaskiya ne, domin ƙananan masu haƙar zinariya, irin waɗanda suka cika arewacin Sudan a ƙetaren Bahar Maliya, su ne kan gaba a duniya wajen sakin zaiba cikin iska idan suka ƙona ta don ware zinariya, sai masu ƙona kwal su biyo baya. Inda ya kuskure shi ne zaton cewa ido yana gane ta.

Zaibar da ta tashi sama ruwan sama ne yake sauko da ita, koguna su kwashe ta zuwa bakin teku, inda ruwan daɗi yake haɗuwa da ruwan gishiri. A nan gudun ruwa yake raguwa, laka ta kwanta da ruɓaɓɓen ganye, kuma a cikin wannan taɓo marar iska akwai ƙwayoyin bakteriya masu rayuwa da sinadarin salfet na ruwan teku, waɗanda suke juya zaiba ta koma wani nau'i da ake kira metilmakyuri. Wannan nau'i shi ne mugun, saboda yana shiga jikin mai rai ya maƙale. Ƙananan tsirran ruwa da ido ba ya gani suna zuƙe shi har ya ninka abin da ke cikin ruwan sau dubbai, ƙwarin ruwa su cinye tsirran, ƙananan kifaye su cinye ƙwarin, babba ya haɗiye ƙarami, kuma kowane mai ci yana gadon abin da duk waɗanda ya ci suka tara a tsawon rayuwarsu. Hamur ɗin da ya shekara goma yana farauta ba ɗaya yake da sijan mai kiwon gansakuka ba, ko da a jirgi ɗaya aka kamo su. Tunda a tsoka gubar take zama ba a kitse ba, wanki da lemun tsami da suya da gashi duk ba sa fitar da ita.

Bahar Maliya ba ta da kogi ko ɗaya mai zuba mata ruwa duk shekara, sai kwaruruka masu ambaliya lokacin ruwa da dazuzzukan shura, itatuwan da suke tsirowa a ruwan gishiri na bakin teku, masu taɓo irin na wajen Jazan, kuma wannan sauƙi ne a gare mu. Sai dai ba duk kifin da ke kan ƙanƙara a Jidda ne na tekunmu ba, ana shigo da mai yawa daga ƙasashen waje. A nan ne aibin shagon na farko yake: babu allo ko takarda da ke nuna inda kowane kifi ya fito. Idan an tambayi dattijon yana faɗin gaskiya, ya ce wannan na gida ne, wancan na waje, amma wanda bai tambaya ba haka zai tafi.

Aibi na biyu al'ada ce, kuma da kyakkyawar niyya ake yin ta. Idan ya ji cewa mace tana da ciki ko tana jego, babban darak ko ƙaton hamur yake ɗagowa ya ce, "A kai wa Hajiya wannan ta yi ƙarfi." Alhali ƙwaƙwalwar ɗan tayi ita ce ta fi saurin cutuwa, kamar yadda aka gani a Minamata ta ƙasar Jafan, inda aka gano cutar a 1956 bayan wata masana'anta ta daɗe tana zuba zaiba a ruwan da masunta ke kamu, har aka haifi yara naƙasassu daga iyaye matan da ba su nuna wata alama mai tsanani ba. Sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya kan zaiba ta 2013, wadda ta fara aiki a 2017. Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ya ƙayyade cewa metilmakyurin da zai shiga jiki kada ya wuce maikrogiram 1.6 ga kowane kilo na nauyin mutum a mako. Na yi lissafi da uwargidana mai kilo 60, na samu maikrogiram 96, ke nan yanka mai giram 200 na kifin da yake ɗauke da miligiram 0.5, wato maikrogiram 500, a kilo ya cinye mata rabon mako gaba ɗaya a zama guda. Jiki kuma yana ɗaukar kusan wata biyu kafin ya fitar da rabin abin da ya shiga.

Ban daina zuwa shagon ba, kuma ina ba 'yan uwa shawarar zuwa, domin samun mai kifin da ba ya ɓoye kwanan kayansa ba ƙaramin abu ba ne. Abin da na sauya shi ne zaɓi. Yanzu sijan da arabi da sardin da jambari, wato jatan lande, muke saye sau biyu ko uku a mako, hamur kuma sai ƙarami, sai an yi baƙi, kuma ba ya zuwa kwanon mai ciki. Na yi wa babban ɗan dattijon wannan bayani a gefe, saboda bai dace in tsaya ina gyara wa mahaifinsa magana a gaban masu saye ba. Ranar Juma'ar da ta wuce, kafin in buɗe baki, ya ce, "Yaya, na ware wa Hajiya sijan kilo biyu, na gida ne, na safiyar yau."