Jama'a ku yi hattara da masu saida magani da fuskar jaruman fim

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman mutanen Katsina da kewaye. Wallahi abin da ya samu gwaggona ta Ƙofar Marusa ne ya hana ni yin shiru.

Ta daɗe tana fama da ciwon suga, sai wata maƙwabciya ta turo mata bidiyo a WhatsApp, wani babban jarumin Kannywood riƙe da kwalba yana rantsuwa wai maganin ya warkar da mahaifiyarshi cikin sati biyu. Da na yi mata magana daga baya cewa ta yi, haba ɗan nan, yaron da muka daɗe muna kallo zai yi mana ƙarya? Shikenan ta aiki yaro wurin mai POS aka tura dubu 27, kuma asusun ma sunan wani mutum ne ba na kamfani ba.

Kwana uku direba ya kira a zo tasha a amshi saƙo. Wani ruwa ne baƙi mai ɗaci a kwalbar roba, ba lambar NAFDAC, ba adireshi, ba ranar lalacewa. Abin da ya fi ƙona mani rai sun ce mata ta ajiye maganin asibiti, ta ko ajiye kwana tara, suga ta hau sai da aka ba ta gado. Lambarsu tun ranar a kashe.

Na zauna na kalli bidiyon nan ya fi sau goma. Leɓenshi daban, muryar daban, tsohuwar hira ce suka yanko suka ɗora mata murya da AI, bawan Allah bai ma san ana yi ba. Haka suke yi da fuskar Ɗangote wai ka zuba kuɗi a ninka maka.

Kamfanin gaskiya in zai ɗauki jarumi ambasada kwantiragi ake sa wa hannu, kamar yadda aka ga Ali Nuhu da Glo a allunan titi da talabijin, kuma za ka gani a shafin kamfanin da na jarumin kanshi. Ko tallar ta gaske ce ma, biyanshi aka yi, shi ba likita ba ne.

An sallamo gwaggo jiya, Alhamdulillah. Kwalbar na wurina, ranar Litinin in Allah ya kai mu zan kai ta ofishin NAFDAC. Dan Allah ku leƙa wayoyin iyayenku yau, bidiyon na nan yana yawo a guruf ɗin mata.