Kwamfutar Ɗan Yayata: Tsohuwar Ofis Ko Sabon Haɗi?

Yaya Babba ta kira ni daga Makka: "Ƙanina, yaron nan zai fara jami'a, yana buƙatar kwamfuta, kuɗina ba yawa, ka san yadda za ka yi."

Hanya ta farko, in shiga Haraj, kasuwar kayan gwanjo ta Saudiyya, in ɗauko tsohuwar kwamfutar ofis, irin su Dell OptiPlex. Araha kam, an yi ta. Amma sai an duba zuciyarta, wato processor, ɓangaren da ke sarrafa duk aikinta: in Intel ɗin bai kai ƙarni na 8 ba, Windows 11 ba ya karɓarsa a hukumance, Windows 10 kuwa Microsoft ta daina kula da shi tun Oktoban 2025. Ga akwatin matsattse, na buɗe wata na tarar ƙura ta toshe fanka kamar auduga. Yawancinsu na'urar wutarsu ba ta gama-gari ba ce, in ta ƙone sai an sha yawo.

Ta biyu, in haɗa sabuwa a kasuwar Olaya ta Riyad: processor Ryzen 5 5600G, wanda ke ɗauke da katin hoto a cikinsa, RAM (ƙwaƙwalwar aiki) 16GB, da SSD (ma'ajiyar fayiloli mai sauri). Ta fi tsada, ga harajin kashi 15, amma kowane ɓangare da garantinsa.

Abin da ya raba gardama: duk ranar da ta ƙi tashi, ni za a kira, ko da tsakar dare. Na haɗa sabuwa, cikon kuɗin daga aljihuna, ban faɗa wa Yaya ba.