Sharhina kan ɗan akwatin VGA zuwa HDMI da na saya wa tsohuwar kwamfutar Baba

To jama'a, sati uku ke nan muna amfani da wanga ɗan akwati, tunda wasu sun tambaye ni ranar da na sa hotonshi a sitatus na ce bari in zauna in faɗi yadda muka kwashe da shi.

Akwai tsohuwar kwamfutar Baba da ke ɗakinshi nan Mabera, Pentium 4 ce mai Windows XP, ta hannu ya saye ta tun ina firamare. Monitarta irin mai ƙeyar nan ce da in ka ɗauka sai bayanka ya gaya maka, bara cikin zafin Afrilu ta yi wata ƙara, ƙauri ya tashi, shi ke nan ta tafi. Ciki kuwa akwai aikinshi na shekaru, tarihin gidanmu da waƙoƙin wa'azi da ya juyo daga ajami zuwa boko, kuma da irin tsohon harafin Hausar nan mai lanƙwasa aka buga su, wanda in ka kwashe zuwa sabuwar laftof sai ƙ da ɗ da ɓ duk su rikiɗe su koma wasu alamomi marasa kai. Na ce ya bari in gyara mishi a tawa, ya ce a'a, shi a injinshi ya san inda komi yake. To ga filasma a falo tana zaune, amma ba ta da ramin VGA ko ɗaya, irin wanda kwamfutar Baba ke fitar da hoto ta cikinshi, HDMI kawai.

Kuskuren farko nawa ne, rabi kuma na yaron shago. Na je na ce ina son konbata ta VGA da HDMI, ya miƙo min wata fara mai ɗan wutsiya, na ce ka tabbata? Ya ce "Oga duk ɗaya ne, kai dai juya ta." Wallahi ba ɗaya ba ne. Waccan daga HDMI take karɓa ta ba VGA, ta masu sabuwar laftof ce da ke son haɗawa da tsohuwar furojekta, ni kuma akasin haka nake nema, kuma abin hanya ɗaya yake bi kamar ruwan kwata, ba ya komawa baya. VGA ɗin nan mai shuɗin kai da tsinke 15 a layi uku, IBM ta fito da shi tun 1987, analog ne, ja da kore da shuɗi kowanne da wayarshi. HDMI kuwa sai wajen 2003 ya shigo kasuwa kuma dijital ne, lissafi yake aikawa. Dole sai da wani ɗan inji a tsakiya da zai yi musu tafinta, waya zalla ba ta yi. Na koma washegari a kabu-kabu, Allah ya sa bai yi gardama ba ya canza min, na cika 'yan kuɗi.

Akwatin baƙi ne, bai fi kwalin ashana biyu ba. Ya zo da guntuwar wayar USB ta wuta mai bolt 5, da wayar sauti irin ta iyafis don VGA ba ya ɗaukar murya sam. Wayar HDMI babu, sai ka nemi taka.

Na jona komi, na kunna, fanka na juyawa, ɗan fitilar akwatin ta kama, talbijin kuwa ta rubuto wai babu sigina. Na cire na mayar ya fi sau goma, Baba na zaune kan darduma yana kallona da carbi bai ce komi ba, wanda ya fi min zafi da a ce ya yi magana. Har na fara zagin akwatin a raina. Sai bayan isha'i na aro monita shafaffiya mai VGA wurin wani abokina mai shagon buga takardu, ina jonawa sai ga asiri ya tonu, ashe ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke kan madabod, wato babban allon cikin kwamfuta, CR2032, ya mutu tuntuni, kwamfutar ta tsaya a baƙin shafin farko tana jiran a danna F1 mu kuma ba mu gani. Shi wannan shafin farko a girman 720 da 400 yake fita, bugu 70 a sakan, wato sau 70 hoton ke sabuntawa duk sakan, kuma akwatin nawa da filasmar ba su yarda da shi ba ko kaɗan, har yau ba ya nunawa. Na biyu, da Windows ta buɗe na duba saiti na tarar tana kan bugu 85 tun zamanin mai ƙeya. Na maido shi 60, na sa girman a 1024 da 768, na maida waya jikin akwati, sai ga koren tudun nan na XP ya cika falo. Batirin kuma na sa sabo da safe.

Daga nan sai dariya. Hoton farko da Baba ya buɗe nashi ne na aikin Hajji, ya zura ido ya ce "Kai, mi ya samu hoton ga? Wa yaƙ ƙara min ƙiba haka?" Tsohuwar kwamfuta 4:3 take bayarwa, filasma kuma 16:9 ce sai ta ja shi gefe da gefe. A rimot ake gyarawa, ka zaɓi 4:3, za ka ga baƙin fili dama da hagu amma mutane su dawo kamanninsu.

Hoton dai ba laifi, rubutu na karantuwa daga kan kujera, sai dai yana da ɗan dishi-dishi in ka matso, kar wanda ya yi tsammanin ya koma sabo don an bi da shi ta HDMI. Da siririyar wayar VGA da na fara sawa haruffa har inuwa suke yi, da na canza mai kauri mai ƙulli a kowane kai inuwar ta ragu sosai. Akwai ma ranar da komi ya koma ruwan hoda, na zaci akwatin ne ya lalace ashe tsinke ɗaya ne ya lanƙwashe, wanda ke ɗaukar kalar kore, na miƙar da shi da bakin biro. Sautin na da ɗan zuuu a ƙasa, mu dai bai dame mu ba tunda karatu ake yi.

Abin da bai min ba shi ne zafi. Ga zafin Sakkwato ga nashi, in ya yi awa biyu da rana sai ka ji shi kamar an ciro daga murhu kuma hoton ya riƙa ƙyaftawa. Na ɗauke shi daga bayan talbijin na rataye inda iska ke bugawa, na kuma ba shi wuta da kan cajar waya maimakon USB ɗin kwamfutar, ya yi sauƙi.

Wani ya tambaye ni ko zai yi wa irin kibod ɗin nan na gem mai kaset da muka yi wasa da shi muna yara, mai waya rawaya. Ba zai yi ba, wancan AV ne, siginarshi ta talbijin ce, akwatinshi daban.

Ni dai in za a sake, kuma da wurin ajiyewa, monita shafaffiya ta hannu mai ramin VGA zan nema, don ita tana nuna har shafin farkon ba ruwanka da tafinta. Amma in filasma kawai gare ka akwatin ya ci kuɗinshi, ka dai karanta jikin kwalin da kanka ka ga VGA ne a farko. Yanzu matsalarmu ɗaya, Baba ya riƙe falo daga la'asar har magariba yana gyaran baitoci da haruffa manya-manya, ƙannena kuma ran Asabar sai dai su tafi gidan kallo don ƙwallo.