Sharhi kan zanen ɗakin kan bishiya da ƙusoshin da ke ɗauke da shi

Abin da na saya ƙunshi ne guda: zanen ɗakin katako da ake ɗorawa tsakanin bishiyoyi biyu, da manyan ƙusoshin ƙarfe da ginin zai zauna a kai, da damar aika wa mai zanen hotuna da awon bishiyoyina ya daidaita aikin da su. An gina ɗakin, ruwa ya dake shi, rana ta gasa shi, na kuma kwana a ciki har a daren da iska ke kaɗawa. Daga daɓe zuwa ƙasa aikin gwani ne. Daga daɓe zuwa sama akwai sauran gyara.

Tun a wasiƙarsa ta farko mai zanen ya burge ni, domin kafin a zo maganar taga ko baranda sai da ya sa na kira masanin itatuwa ya duba lafiyar bishiyoyin: ko akwai kogo a jiki, ko tsagewa a inda rassa suka rabu, ko naman kaza ya tsiro a gindi, wanda sau da yawa alama ce ta ruɓa daga ciki. Wannan ya ja mana lokaci, kuma na yarda da jinkirin, tunda harsashin ginin abu ne mai rai.

Ƙusoshin su ne zuciyar ƙunshin. Kowace sanda ce ta ƙarfe mai zare, kaurinta kusan santimita 3, da wani kumburi a tsakiya mai faɗin wajen santimita 7 da ake nutsarwa cikin jikin itacen don ya baza nauyi. Sauran ƙarfen yana leƙowa waje kamar reshe, a kansa ake aza katakon da ke riƙe da daɓe. Asalin dabarar na komawa ga Michael Garnier, wanda ya gina ɗakunan baƙi a kan bishiyoyi a jihar Oregon ta Amurka a shekarun 1990.

Ranar da kafinta ya sa injin huda a jikin bishiyar, raina ya sosu. Amma dalilin da takardar bayanin ta kawo mai ƙarfi ne. Abincin da ganye ke haɗawa yana sauka zuwa saiwa ta wani siririn layi da ke ƙarƙashin ɓawo. Wanda ya zagaye gangar jikin da waya ko igiya, yana ganin tausayi ya yi, shaƙe bishiyar yake yi a hankali, saboda kowace shekara kaurinta na ƙaruwa, igiyar kuwa ba ta buɗewa. Huda guda ɗan yanki kaɗan take taɓawa. Alex Shigo, masanin itatuwa na hukumar gandun daji ta Amurka, ya bayyana tun shekarun 1970 cewa bishiya ba ta maye naman da ya ji rauni, killace shi take yi ta ci gaba da girma a kewayensa. Shi ya sa babban rami ɗaya mai tsabta ya fi ƙananan ƙusoshi barkatai kusa da juna, waɗanda raunukansu kan haɗe su zama ruɓa ɗaya. Tsawo kuma daga kan rassa yake ƙaruwa, don haka ƙusar da aka kafa a mita 3 tana nan a mita 3, ɗakin ba zai bi bishiyar sama ba.

Inda zanen ya fi nuna basira shi ne maganar motsi. Bishiyoyi biyu ba sa rangaji tare. Wannan ta yi gabas, waccan ta yi yamma. In aka ɗaure katako tamau a tsakaninsu, ko katakon ya tsage ko ƙusa ta tumɓuke. A nan gefe ɗaya kaɗai aka ɗaure, ɗaya gefen katakon na zaune cikin wani maƙalin ƙarfe a kan faranti mai santsi, yana zamewa gaba da baya. Da iska ta taso ana jin ɗakin na lilo a hankali, da ɗan kukan katako, amma ƙofa ba ta taɓa cijewa ba, daɓen kuma bai karkace ba.

Gindin matakala ma an yi masa tunani. Yawancin saiwoyin bishiya suna cikin santimita 60 na saman ƙasa, sun kuma bazu nesa da gindi, don haka zanen ya hana haƙa rami da zuba siminti. Turakun ƙarfe masu zare aka murɗa cikin ƙasa, aka kuma hana mota kusantar wurin don kada ƙasar ta danne.

To, sai rufi. A hoto yana da kyau: kusan a kwance yake, bishiya ɗaya ta ratsa ta tsakiyarsa. A zahiri ganye da busassun tsinke na taruwa a kai, su toshe magudanar ruwa, su riƙe laima. Ramin da bishiyar ta bi kuwa ba shi da magani mai ɗorewa, domin ruwa na bin ɓawo ne ya gangaro, kuma duk robar da aka naɗa sai motsi ya sassauta ta. Wannan ya ɓata mini rai, don mutumin da ya fahimci motsin bishiya a ƙasa bai kamata ya manta da shi a sama ba. Kamata ya yi bishiya ta ratsa baranda, inda ɗigar ruwa ba ta da illa. Ɗakin kwana a ba shi rufi mai gangara sosai wanda ba a huda ba.

Babban gilashin gaba ma na da nasa aibin. Yana shigo da haske, abin da ake matuƙar buƙata a ƙarƙashin inuwa, sai dai yana nuna hoton rassa, tsuntsaye su zaci hanya ce su yi karo da shi. Maganin ba ɓoyayye ba ne. Ɗakin madubi na Treehotel da ke Harads a arewacin Suwidin, mai mita 4 ta kowace fuska, da aka buɗe a 2010, an sa wa gilashinsa wani launi da idon tsuntsu ke gani, na mutum ba ya gani. Zanen da na saya ko ambaton matsalar bai yi ba. Sai da muka manna ɗigo-ɗigo kusa da juna ta wajen gilashin kafin abin ya tsaya.

Danshi kuwa, a kurmi katako ba ya saurin bushewa, gansakuka na kama matakala ta yi santsi. Tagogi biyu masu kallon juna da ke cikin zanen suna taimakawa ƙwarai wajen korar warin laima, amma matakalar sai an sa mata abin hana zamewa.

Wanda zai sayi irin wannan ƙunshi ya nemi a canza masa rufin tun a takarda, ya kuma tambayi yadda za a faɗaɗa tazarar da aka bari tsakanin daɓe da jikin bishiya. A nawa, allunan da ke kewaye da gangar jikin da sukuru aka ɗaure su, kuma gajeru ne, ta yadda idan ɓawo ya matso za a kwance su a rage musu tsawo a mayar, ba tare da an taɓa katakon da ke ɗauke da nauyi ba.