Teburin da kafintan bayan kasuwar Tawa ya yi wa yarona

Shekara 31 na yi ina aikin jinya a ƙasar Adar kafin in ajiye aiki, kuma duk tsawon lokacin nan iske gadon duba mara lafiya nake yi a ɗaki, ban taɓa tambayar wanda ya ƙera shi ba. Sai bana, gab da faɗuwar damina, na samu kaina tsaye a shagon wani kafinta a bayan babbar kasuwar Tawa, da takarda a hannu, ina bayyana masa wani tebur da ni kaina a hoton waya kawai na san shi.

Ɗan farina ne ya jawo wannan tafiya. Ya tafi Amurka wurin kawunsa tun yana saurayi, ya yi shekara 4 a jami'a, ya ci MCAT, jarrabawar shiga makarantar likita, sannan ya shiga makarantar likitancin ostiyopati, inda ake haɗa karatun likita da koyon gyaran jiki da hannu. Da ya gama shekarar farko aka ba su hutun sati bakwai, ya ce shi ne dogon hutu na ƙarshe da zai gani, gida zai zo. Tun kafin ya taso ya kira ni: "Baba, don Allah a sa a yi mini tebur. In na daɗe ban taɓa bayan mutum ba, hannuna zai manta."

Maƙwabta da suka ji sai suka ce ashe ɗori yake koyo. Waɗanda suka yi lakwal kuma suka ce ai mai tausa ne irin na Faransa. Ni ma sai da na tsare shi da tambaya kafin hankalina ya kwanta. A Faransa doka ta amince da sana'ar tun 2002, amma yawancin masu yin ta ba likitoci ba ne, ba sa rubuta magani. A Amurka kuwa mai digirin DO, wato na ostiyopati, cikakken likita ne a duka jihohi 50, yana rubuta magani, yana tiyata, yana karɓar haihuwa, kuma tun 2020 tsari ɗaya suke bi da sauran likitoci masu digirin MD wajen horon ƙwarewa bayan makaranta. Yau kusan ɗaya cikin huɗu na ɗaliban likita a ƙasar a irin wannan makaranta suke. Shekara biyu a aji da ɗakin feɗe gawa, shekara biyu zagayen asibitoci. Abin da suka ɗara sauran da shi awa wajen 200 ne na koyon dubawa da gyara da hannu: tsoka, gaɓoɓi, haƙarƙari, ƙashin baya. Wannan darasi a kan tebur ake yin sa, ɗalibai biyu biyu, ɗaya ya kwanta ɗaya ya duba, sannan su yi musaya.

Abin da ya fi taɓa ni a labarin shi ne mafarinsa. Andrew Taylor Still, wanda ya buɗe makarantar ostiyopati ta farko a garin Kirksville na jihar Misuri a 1892, likita ne da sanƙarau ya kashe masa yara uku a 1864, yana ji yana gani. Ni na yi aiki a annobar sanƙarau ta 1995, na kwantar da yara a tabarma saboda gadaje sun ƙare. Na san irin zafin da zai sa mutum ya juya wa maganin zamaninsa baya ya tafi neman wata hanya, ko da yake allurar rigakafi da maganin ƙwayoyin cuta ne suka ceci yaranmu, kuma yarona shi ne na farkon faɗin haka.

To, shagon. Rumfar kwano ce mai faɗi, da maigidan da yara uku masu koyo, gaba cike da gadajen amare. Mutumin zai kai shekara hamsin, ba mai yawan magana ba ne. Na miƙa masa awon da yaron ya aiko: tsawo santimita 185, faɗi 60, tsayi daga ƙasa 62, da rami a wajen kai inda fuska za ta shiga. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Baba Majo, wannan ya yi ƙunci ga gado, ya yi ƙasa ga tebur. Mi za a yi bisanai?" Wannan tambaya ita ta sa na tsaya wurinsa, domin shaguna biyu da na fara zuwa farashi kawai suka faɗa mini. Na ce mutum zai kwanta, wani ya tsaya a kansa yana dannawa da nauyin jikinsa, wani lokaci ya juya shi ta gefe. Nan take ya ce farin katako ba zai yi ba, sai ja, kuma ƙafafun sai an ɗaure su da sanda ta tsakiya, a haɗa da noti maimakon ƙusa, don ƙusa tana saki idan ana girgiza abu kullum. Ya nemi jikka 60, muka daidaita a 48, na ba da rabi.

Ya ce kwana biyar, ya yi tara. Layya ta matso, aikin amare ya yi masa yawa, wuta kuma tana ɗaukewa da rana injin ya tsaya. Na gane uzurin, amma da ya aiko yaro ya gaya mini, da ban yi sahu biyu cikin zafin nan a banza ba. Wannan na faɗa masa a gabansa, ya karɓa.

Ranar da yarona ya huta gajiyar hanya, don daga Yamai zuwa nan ta Doso da Ƙonni yini guda ne a mota, muka je tare. Katakon ya yi kyau, an goge shi sumul, ba tsaga ko ɗaya da za ta kama riga. Yaron ya kama gefe ya girgiza da ƙarfi, ko motsi. Sai ya sa ɗaya daga cikin yaran shagon ya kwanta rub da ciki, ya ɗora tafin hannu a tsakiyar bayansa ya danna, na ga fuskar yarona ta sauya. Kafinta ya sa soso mai kaurin santimita 10, mai laushi irin na kujerar falo, wai don mara lafiya ya ji daɗi. Yaron ya ce, "Kawu, aikinka ya yi, amma soson nan yana shanye hannuna." Ya kama hannun kafintan ya ɗora a bayan yaron shagon, ya ce ya danna a hankali ya ji. Abin da ake nema, in ji shi, abu huɗu ne: yadda fata da tsoka suke a ƙarƙashin yatsa, ko gefen dama da na hagu sun yi daidai, inda gaɓa ta ƙi motsi, da inda mutum ke jin zafi. Motsin ƙashi ɗaya na baya a kan na ƙasansa ɗan kaɗan ne ƙwarai. Idan jiki duka yana nutsewa cikin soso, yatsa ba zai raba motsin ƙashi da na katifa ba.

Kafintan ya yi shiru, ya sake dannawa, ya ce, "Na gane, likita. Kamar a goge katako bisa rairayi." A gabanmu ya ɓalle ledar da ya riga ya kammala, ya aiki yaro kasuwa ya kawo soso iri uku a nuna mana, muka zaɓi mai tauri na santimita 5. Jikka 4 na ƙara, kuɗin soson kawai, bai karɓi ko dala ta aikin hannu ba. Washegari da la'asar aka kawo shi a amalanke, har da guntayen tayar mota da ya yanka ya liƙa a ƙarƙashin ƙafafu, saboda ya tambaye ni ko daɓen zaurena ya daidaita na ce a'a.

Sati shida teburin nan bai huta ba. Da asuba yaron yana kan kwamfuta yana bitar darussan ƙwayoyin jiki da magunguna, don a makarantarsu kusan kowane sati biyu akwai jarrabawa, kuma na hannu ma a gaban malami ake yin ta, da abokin karatu kwance da agogo yana tafiya. Da hantsi sai ya nemi wanda zai kwanta. Ƙannensa, ƴan uwan mahaifiyarsa, ni kaina. Ya gwada mini wata dabara a wuyana: ya lalubo wurin da ke ciwo, ya lanƙwasa kaina a hankali har zafin ya lafa, ya riƙe haka daƙiƙa 90, sannan ya mayar sannu sannu ba tare da na taimaka masa ba. Wata kuma yakan ce in tura hannunsa da ƙafata na ƴan daƙiƙu, in saki, ya ƙara miƙe ta, sau uku zuwa biyar. A duk wannan turawa da juyawa ban ji teburin ya yi ƙara ko sau ɗaya ba, kuma ni ba ƙaramin mutum ba ne. Wuyan ya yi sauƙi na kwana biyu, ciwon ya dawo, ya sake yi. Haka na ɗauki abin, taimako ne ga ciwon baya da wuya, iyakarsa ke nan. Da wata maƙwabciya ta kawo yaro mai zazzaɓi, tun a ƙofa ya ce a kai shi asibiti a gwada jini, shi ɗalibi ne. Na ji daɗin wannan fiye da duk abin da ya nuna mini.

Inda aikin ya gaza shi ne ledar. Baƙa ce, tana ɗaukar zafi, tana kama jikin mai gumi, dole sai an shimfiɗa zane. Warin gam ya kai kwana goma. A sati na uku ƙananan ƙusoshin da suka riƙe ledar a bakin ramin fuska suka fara saki, na aika, ya zo da kansa ya gyara cikin minti ashirin, sannan ya kwanta yaron ya duba masa kafaɗar dama da zarto ya cinye. Teburin kuma yana da nauyi, sai mutum biyu, ba ya naɗewa kamar wanda ɗaliban ke saye a can. Mai aikin tausa ko ungozoma da ke yawo gida gida wannan ba zai yi musu ba. Amma mai ƙaramin ɗakin shan magani da ke son gadon dubawa mai ƙarko, ina ba shi shawarar wannan shago. Ya je da safe, ya rubuta awonsa, ya zaɓi soson da hannunsa, ya nemi leda mai haske, kuma ya ƙara kwana huɗu a kan ranar da aka ce masa.

Yaron ya koma ƙarshen watan Yuli. A ƙarshen shekara ta biyu zai zauna matakin farko na COMLEX, jarrabawar samun lasisin aikin likita ta masu DO, daga nan sai asibiti, don haka baɗi ba za mu gan shi ba. Teburin yana zaure, na rufe shi da zane, na shafa wa ƙafafun baƙin mai saboda gara. Jiya na koma shagon na ba da aikin kantar littattafai, don ya bar mini manyan littattafai uku na sassan jiki, kuma ƙura ta fara hawansu.