Maganin tsatsar jakuzi: yana aiki, amma ba yadda mai sayarwa ya faɗa min ba

Saboda Hajiyarmu na sa jakuzin nan a gida, wato babban bahon wanka mai ɗumama ruwa yana feso shi. Gwiwoyinta sun matsa mata, kuma ruwan ɗumi na ba ta sauƙi, musamman da hunturu. Ranar da za ta fara shiga na cika shi da ruwan burtsatsenmu, garau kamar ka ɗiba ka sha. Na zuba kulorin yadda takarda ta ce, na tafi sallar la'asar. Ina dawowa na tarar ruwa ya koma kalar baƙin shayi. Kafin gari ya waye wani jan layi ya zagaye bahon daidai inda ruwa ya tsaya, bakin duk wani bututu da ke feso ruwa ya yi jajir.

Hajiya ta leƙa, ta ce, "A'a, ɗan nan, bar min bokitina." Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai.

Kafin in ankara, yaron da ke mana aiki ya ɗauki soson waya ya hau dirza, da niyyar taimako. Tsatsa ba ta fita ba, sai kwarzane da ya bari a jikin bahon, don fatarsa ba ta jure abu mai kaushi. Filamba ne ya zo ya fahimtar da ni. Ya ce, "Alhaji, ƙarfe ne a ruwanku. Narke yake, ido ba ya ganinsa, sai kulorin ya taɓa shi ya zama tsatsa." Shi ne dai abin da ke rina farin kaya da tayil ɗin banɗaki, kuma miligiram 0.3 a lita ya isa ya fara ɓata su. Ya ce da kore na gani, to jan ƙarfe ne, wanda ke zaizayowa daga hita idan ruwa ya yi tsami, ma'aunin tsaminsa (pH) ya sauka ƙasa da 7.2. Sai ya dake ƙwayoyin bitamin C, ya ƙulle a tsohuwar safa, ya danna a kan layin. Ina tsaye ina kallo wajen ya yi fari, ko minti biyu ba a yi ba.

Sauran aikin sai maganin da na yi oda ta intanet, ruwan nan na kwalba mai kama ƙarfe. Mai sayarwa ya ce min a zuba sau ɗaya, an gama. Gaskiya kwana biyun farko na ji daɗinsa ƙwarai. Ruwa ya washe, filta ta kwashi dattin har sai da na wanke ta sau uku, ruwan wankin jawur. Hajiya ta shiga, ta fito tana sa albarka. Har na tura wa abokai biyu hoton kwalbar.

Bayan mako biyu na ƙara ruwa, na zuba kulorin, layin ya dawo. Sai a lokacin na zauna na karanta ƙananan rubutun bayan kwalbar. Ashe ba fitar da ƙarfen yake ba, riƙe shi kawai yake a narke kada ya manne. Zafi da kulorin suna cinye ƙarfin maganin, dole a riƙa ƙarawa duk mako. To me ya hana a faɗa min haka tun farko? Da na kira mai sayar da maganin, buɗar bakinsa sai, "Ranka ya daɗe, ai sai a ƙara kwalba biyu." Na tambaye shi ko kafin kulorin ake zubawa ko bayansa, ya ce zai kira ni. Har yau. Wannan rainin ya fi kuɗin ɓata min rai. Ga shi na sake gwada bitamin C da yawa ni kaɗai, ya cinye kulorin ɗin, ruwa ya yi dushi-dushi, dole na zubar da shi duka, ga kuɗin wutar da aka ƙona wajen ɗumama shi.

Abin da ya daidaita min lamarin shi ne 'yar filtar da ake ɗaurawa a bakin tiyo lokacin cikawa. Ita ma filamban ne ya kawo shawararta. Yanzu ta cikinta nake cikawa, in zuba maganin, in bar injin ya juya ruwa har washegari, sannan kulorin kaɗan-kaɗan. Wata uku ke nan layin bai dawo ba.

Maganin zan sake saye, amma ba a hannun mutumin nan ba. Kwarzanen soson wayar kuwa har yanzu shi ke fara kama ja, daidai wajen da Hajiya ke dafa hannu idan za ta fito.