Rigar ceto mai soso ko mai iska, ga yara a bakin tafki?

'Yar'uwa, tunda da yara za ku je gandun dajin, har da shiga jirgi a tafki, mai soso za ki saya, kar ki tsaya wasiwasi.

Irinta muke da su a gida, masu lamba 100 (lambar da ke nuna ƙarfin rigar na ɗaga mutum a ruwa), da tudun soso mai kauri a ƙeya. Wata rana muna jiran jirgi a kan gadar katako, autana ya sunkuya kallon kifi, santsi ya kwashe shi sai cikin ruwa. Kafin babansa ya tuɓe takalmi, rigar ta juyo da shi rigingine, tudun nan ya tallafe masa kai, yana tari yana kuka amma hancinsa na sama. Madaurin bayan wuyan aka kama da hannu ɗaya aka ɗago shi. Soso ba ya jiran a ja igiya ya kumbura kamar mai iska, ƙaya ma ba ta sace shi. Aibinta zafi ne kawai, da rana za ki sha ƙorafin yara, ki toshe kunne.

Mai iska kuwa ina da guda, tana nan a durowa. Ba nauyi, shi ke nan abin yabonta. Ɗan tulun gas take amfani da shi, in ta kumbura sau ɗaya sai an sayi sabo.

Ki yi hattara da masu sayarwa, jabu ta yi yawa. Ki buɗe cikin rigar ki nemi tambarin ingancin rigar ceto, wato ISO 12402, da nauyin da aka yi ta dominsa, don da kilo ake zaɓa, ba da shekaru ba. Wasu za su miƙo miki mai lamba 50 su rantse duk ɗaya ne, alhali ta wanda ya iya ruwa ce, ba ta juyo da fuskar yaro sama. In mai shago ya ce ki ɗauki babba yaro zai girma ya cike ta, ki ajiye masa kayansa. Ki sa wa yaron a nan gabansa, ki ɗaure madaurin tsakanin cinyoyi, ki ɗaga kafaɗun rigar. In ta haura haɓarsa ko kunnuwansa, ta yi masa yawa, a cikin ruwa zai zame ta ƙasa.